Annobar Korona da Allurar Rigakafi: Amana Ce Ta Bambanta Ƙasashe

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta, Ya sanya lafiya ta zama jarin bawa wajen bauta da neman halali. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, 'yan kasuwa da ma'aikata masu bin wannan fili, a ranar 5 ga Mayu 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar Korona ta fita daga matsayin ta-ɓaci. Tun kafin wannan rana ma kowa ya riga ya koma harkarsa, ƙyallayen rufe baki da hanci sun ɓace, sahu ya haɗu a masallatai, maniyyata sun koma Makka. Ɗan Adam kuwa mai mantuwa ne, da zarar ciwo ya sake shi sai ya mance da daren da ya kwana yana nishi. Amma annoba baƙuwa ce mai dawowa. Kakanninmu sun ga murar 1918, iyayenmu sun ga agana, mu kanmu mun ga sanƙarau na 1996, sannan muka ga Korona, wadda ƙasashe suka lissafa mutum wajen miliyan 7 da ta kashe, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa rayukan da suka salwanta ta dalilinta a 2020 da 2021 kaɗai sun kusa miliyan 15. Saboda haka ya kyautu yanzu da hankali ya kwanta mu zauna mu yi lissafi, kamar yadda ɗan kasuwa yake buɗe littafinsa bayan an tashi kasuwa, mu duba yadda ƙasashe daban-daban suka yi da wannan jarrabawa, da kuma inda mu muka tsaya a cikinsu.

Abin da muka gano bayan dogon nazari shi ne, allura ba ta shiga dantse sai amana ta riga ta shiga zuciya. Inda shugabanni suka yi shawara da malamai da likitoci tun kafin su yanke hukunci, suka bayyana wa talakawa hujja, jama'a sun bi ko da abin yana da ɗaci. Inda aka fara da bulala, ko aka ɓoye gaskiya, an sha wahala biyu, ta cuta da ta fitina.

Abin da magabata suka bar mana

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu game da annoba ba. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta faɗa masa, ya kuma hana wanda yake ciki ya fita domin gudunta. Wannan shi ne asalin abin da aka kira dokar kulle a zamaninmu.

Wajen shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta auka wa ƙasar Sham. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yana kan hanyarsa ta zuwa can, ya kai wani wuri da ake kira Sarg, sai shugabannin rundunoni suka tarye shi da labarin. Abin lura a nan shi ne yadda ya yi kafin ya yanke hukunci. Ya kira Muhajirai ya shawarce su, suka saɓa. Ya kira mutanen Madina, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma da jama'a. Da ya yi shelar komawa, Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, Sarkin Musulmi bai yi fushi ba, bai kuma sa an tsare shi ba. Ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sannan Abdurrahmani ɗan Aufu ya iso da hadisin, hankalin kowa ya kwanta. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal duk a wannan annoba suka yi wafati, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa ba ta lafa ba sai da Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu.

Har wa yau, Hafizi Ibnu Hajar Al'asƙalani, wanda annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya wallafa littafi sukutum a kanta mai suna Bazlul Ma'un. A ciki ya ba da labarin abin da ya gani a Alƙahira a shekara ta 833 bayan Hijira, sa'ad da masu mutuwa a kullum ba su kai 40 ba. Mutane suka yi azumin kwana uku, suka fita bayan gari suka taru domin addu'a, amma kafin wata ya ƙare masu mutuwa a kullum sun haura 1,000. Babu mai shakkar falalar addu'a, sai dai wannan babban malami ya ga ya dace ya rubuta abin da idonsa ya gani domin na baya su yi tunani a kan taro lokacin annoba.

Mu da maƙwabtanmu a 2020

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da cutar a Nijeriya, a jikin wani Bature ɗan Italiya da ya sauka a Ikko. Kafin ƙarshen Maris Gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta dakatar da sallar Juma'a da sauran manyan taruka. A lokacin ba a ma tabbatar da cutar a jikin kowa ba a jihar, talaka bai ga mara lafiya ba, bai ga gawa ba, sai dai ya ji an ce kada ya je masallaci. A ranar 28 ga Maris, bayan an kama wanda ya ja sallar Juma'a a Kusada, matasa suka ƙona ofishin 'yan sanda, aka yi asarar rai da dukiya. A farkon Afrilu, bayan zama da malamai da sarakuna, gwamnati ta janye hanin bisa sharuɗɗa, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne aka tabbatar da cutar a Daura, aka kulle garin, kafin wata ya ƙare aka kulle birnin Katsina kanta, ga azumi ya kama. Duk wanda yake cin abinci daga Babbar Kasuwa, ko yake sana'ar hannu-baka-hannu-ƙwarya, ya san yadda waɗannan makonni suka kasance.

Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda tsakaninmu da su babu komai sai iyakar Jibiya, sun bi hanya irin wannan. An rufe masallatai a Maris, aka yi tarzoma a Mirriya ta jihar Damagaram, aka sake yi a Yamai gab da azumi, aka kama mutane da yawa, har dai aka buɗe masallatan a ranar 13 ga Mayu. A Kano kuwa cikin Afrilu aka ga maƙabartu suna karɓar gawawwakin dattawa da manyan masana fiye da yadda aka saba, ana ta musu a kan dalili, sai a Yuni Ministan Lafiya ya bayyana cewa mutanen sun kusa 1,000, kuma rabi ko fiye da rabi Korona ce sanadinsu.

To, a gwada wannan da Maroko, ƙasar da muke tarayya da ita a mazhabar Imamu Malik. A can sai da Majalisar Ƙoli ta Malamai ta ba da fatawa sannan aka rufe masallatai a ranar 16 ga Maris 2020, watau hukuncin ya fito ne daga bakin waɗanda jama'a suka saba karɓar hukuncin addini daga gare su. Haka Saudiyya ta dakatar da Umra ga baƙi a ƙarshen Fabrairu, malamanta suka ba da fatawar dakatar da jam'i a masallatai, ladanai suka riƙa kira ga mutane su yi salla a gidajensu, kamar yadda Sunna ta zo da shi a daren sanyi da ruwan sama. Hajjin da ya tara mutum wajen miliyan 2 da rabi a 2019, a 2020 ba a bar kowa ya yi shi ba sai 'yan kaɗan daga mazauna ƙasar. A 2021 aka ƙayyade mutum 60,000, su ma mazauna ƙasar, kuma da sharaɗin rigakafi. Sai a 2022 alhazanmu suka koma. Hukuncin Saudiyya ya fi namu tsauri nesa ba kusa ba, domin babu abin da ya kai rufe hanyar Ɗakin Allah ɗaci ga Musulmi, amma da yake an gabatar da hujja kafin umarni, duniyar Musulmi ta haƙura.

Akwai kuma waɗanda suka kauce ta wani gefen. A Tanzaniya Shugaba Magufuli ya daina fitar da adadin masu cutar, ya yi shela a Yuni 2020 cewa addu'a ta kore ta daga ƙasar, ya ƙi neman allura. Cutar ba ta ji wannan shela ba. A ranar 17 ga Fabrairu 2021 Malam Seif Sharif Hamad, Mataimakin Shugaban Zanzibar, ya rasu bayan jam'iyyarsa ta bayyana cewa ya kamu da ita. Da mulki ya koma hannun Samiya Suluhu Hassan sai ta sauya hanya, aka yi mata allura a bainar jama'a a ranar 28 ga Yuli 2021. A Iran kuwa Jagoran ƙasar ya hana shigo da alluran Amurka da Ingila a Janairu 2021 saboda rashin yarda da ƙasashen biyu, sai da mace-mace suka yi tsanani a tsakiyar shekarar aka faɗaɗa ƙofar shigo da allura. Wanda ya jefar da sababi da sunan tawakkali ya saɓa wa koyarwar da ta ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, wanda kuma ya bar ƙiyayya ta zaɓa masa magani, talakansa ne yake biyan kuɗin.

Yadda aka raba allura

A ranar 8 ga Disamba 2020 Ingila ta fara yi wa mutanenta allura. Saudiyya ta fara a cikin wannan wata. Maroko ta fara a ranar 28 ga Janairu 2021, Sarki Muhammadu na Shida ne ya fara miƙa dantsensa, kuma kyauta aka yi wa kowa. Manyan ƙasashe masu arziki sun riga sun biya kuɗin allura tun tana ɗakin gwaji, har aka lissafa cewa abin da Kanada ta yi oda ya isa a yi wa mutanenta sau biyar. Mu kuwa muka zauna jiran wani asusun haɗin gwiwa da ake kira COVAX, wanda aka kafa domin ƙasashe marasa ƙarfi. Gana ce ta fara karɓa, allura 600,000 a ranar 24 ga Fabrairu 2021. Namu kason ya sauka Abuja a ranar 2 ga Maris, allura kusan miliyan 4, ga al'umma da ta haura miliyan 200. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, an yi masa tasa a ranar 6 ga Maris. Nijar ta fara a ƙarshen Maris da gudummawar ƙasar Sin.

Ba a daɗe ba annobar ta rincaɓe a Indiya, inda ake sarrafa mafi yawan allurar da asusun ya dogara da ita, sai Indiya ta tsayar da fitarwa domin ta ceci mutanenta. Babu mai zarginta, kowa nasa ya fara sani. Muka yi watanni muna jira. Da manyan ƙasashe suka ƙoshi sai suka fara turo ragowarsu, wadda wa'adin wani sashenta saura 'yan makonni ya ƙare, har ya kai a ranar 22 ga Disamba 2021 hukumomin Nijeriya suka lalata allura fiye da miliyan 1 a wani juji a Abuja saboda ta lalace. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan: wanda ba shi da kaya a rumbunsa, ba shi yake yanka farashi ba, ba shi yake zaɓen lokaci ba.

Sai dai ko da allurar ta wadata daga baya, mutanenmu da yawa sun noƙe. Tambayoyin da aka riƙa kawo mana a zaure da bayan karatun Magariba kusan iri ɗaya ne: ko akwai haram a cikinta, ko tana karya azumi, ko tana hana haihuwa, kuma me ya sa ake bin mu da ita kyauta alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai mun saya. Da Gwamnatin Tarayya ta ce daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da shaidar allura ko ta gwaji, wasu suka je aka yi musu, wasu kuwa suka nemi katin ba tare da allurar ba. Tilas tana iya samar da kati, amma ba ta samar da yarda.

Darasin Indunusiya

A nan ne ya kamata mu dubi Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin. Kafin a taɓa kowa da allura, Majalisar Malaman ƙasar ta tura masana suka binciki yadda ake sarrafa allurar kamfanin Sinovac, ta ba da fatawa a Janairu 2021 cewa halal ce mai tsarki, hukumar magunguna ta ba da nata izinin, sannan aka yi wa Shugaba Joko Widodo a ranar 13 ga watan. Da aka zo kan allurar AstraZeneca a Maris, majalisar ba ta ɓoye abin da ta gano ba. Ta ce an yi amfani da wani sinadari da aka samo daga alade a wani mataki na sarrafawa, amma ta halatta amfani da allurar saboda lalura. Wasu malaman ƙasar suka ga cewa tsarkakakkiya ce, domin abin ya rikiɗe, babu alamarsa a cikin abin da ake ɗurawa. Wannan bab ne sananne a fiƙihu, watau rikiɗar najasa zuwa wani abu dabam, kamar giyar da ta koma ruwan tsami da kanta. A kan irin wannan hujja da ta lalura ce Majalisar Fatawa ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙarƙashin Shehu Abdullahi bin Bayya, babban malamin Malikiyya ɗan Muritaniya, ta halatta alluran tun a Disamba 2020. Babban Muftin Saudiyya na lokacin shi ma ya bayyana cewa allurar ba ta karya azumi, domin ba ci ba ce ba sha ba.

Abin da ya ba malaman Indunusiya wannan ƙarfi shi ne suna da ɗakunan gwaji da masana nasu, ƙasar kuma tana da kamfanin sarrafa allura mallakar gwamnati mai suna Bio Farma, wanda asalinsa ya koma 1890. Mu 'yan Arewa mun san wannan suna. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin an gurɓata shi da abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a ƙarshen Yuli 2004, kuma da maganin da aka sayo daga Indunusiya. A cikin wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Sudan ta kai Yaman, a 2005 ta kai Indunusiya kanta ta shanye ƙafafun ɗaruruwan yara. Daga baya Saudiyya ta wajabta wa alhazan Nijeriya, babba da yaro, ɗigon shan inna, dattijo mai furfura ya buɗe baki a filin jirgi a ɗiga masa abin da ya hana a ɗiga wa jikansa.

Abin da ya juya al'amarin shi ne komawa ga hanyar Sayyidina Umar. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, hakimai da dagatai da masu unguwa da limamai suka shiga aikin gida-gida, a nan Katsina da Daura da sauran masarautu. A 2016 aka ga na ƙarshe a Borno, a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Maganin bai sauya ba, masu kawo shi ne suka zama waɗanda aka sani.

Tsoro mai dalili, da abin da yake jawowa

Adalci ne mu faɗa cewa tsoron mutanenmu bai faɗo daga sama ba. A 1996, sa'ad da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, cikin yara wajen 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musa laifi, aka yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A Pakistan a 2011 'yan leƙen asirin Amurka suka fake da aikin rigakafi domin neman wanda suke nema, abin da ya jefa ma'aikatan lafiya na gaskiya cikin haɗari. A Oktoba 2020 kuma aka ga jama'a suna fasa rumbuna a jihohi da dama suna fito da abincin tallafin Korona da aka tara ba a raba ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma Musulmi ba ya gina hukunci a kan zato, an umarce shi ne ya yi bincike idan labari ya zo masa. A Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, mafi yawansu mata masu neman abin da za su ciyar da 'ya'yansu, kuma duk wanda ya hau mumbari ya yaɗa abin da bai tabbatar ba ya kamata ya tambayi kansa ko yana da kaso a wannan jini. Daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya ɓarke a Kano da Yobe da Katsina da maƙwabtansu, ya kashe yara masu yawa, galibinsu waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, alhali allurarsa tana asibitocinmu tun da daɗewa. Dattawan da suke ɗauke da tabon lamba a dantse shaida ne a kanmu: agana da take makantar da mutane tana ɓata fuskoki, an ga ta ƙarshe a Nijeriya a 1970, a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya, kuma da allura Allah Ya kawar da ita.

Farillar da muka yi sakaci da ita

Malamanmu sun haɗu a kan cewa ilmin likitanci farilla ce ta kifaya, idan babu mai yinta a al'umma kowa ya yi laifi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin jihadi da mulki, sai da suka yi wallafa a kan lafiyar jiki da magani. A zamaninmu wannan farilla ta haɗa da iya sarrafa allura da iya gwada ta. Nijeriya tana da ɗakin sarrafa allura a Yaba ta Ikko, wanda ya yi ta agana da ta shawara tun wajen 1940, aka rufe shi a 1991 da niyyar gyara. Senigal tana yin allurar shawara a Dakar tun shekarun 1930. Masar ta sarrafa ta Korona a gida a 2021. Kyuba, ƙaramar ƙasa mai fama da takunkumin ciniki, ta ƙirƙiro tata da kanta. Lokacin Korona kuwa Afirka tana shigo da wajen kashi 99 cikin 100 na alluran da take amfani da su, shi ya sa Tarayyar Afirka ta sa wa kanta burin yin kashi 60 cikin 100 a gida kafin 2040. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira ga masu mulki su kafa majalisa tsayayya ta malamai da likitoci da sarakuna tun yanzu da ake zaune lafiya, wadda za ta riƙa duba kowace allura ta gaya wa jama'a abin da ta gani, mai daɗi da mara daɗi, su kuma tabbatar akwai magani da ruwa a ƙananan asibitoci, domin uwar da aka sallama hannu wofi ran da ɗanta yake zazzaɓi ba za ta yi murna da mai ƙwanƙwasa mata ƙofa da akwatin allura ba. Muna kira ga 'yan'uwanmu malamai kada mu yi fatawa a kan abin da ba mu gama fahimta ba, mu zauna da likitoci Musulmi masu tsoron Allah, ga su nan a asibitocinmu da jami'o'inmu, mu tambaye su kamar yadda suke tambayarmu hukuncin gado da zakka. Ku kuma attajirai, kamar yadda kuke gina masallatai kuna biya wa mutane kujerar Makka, ɗaukar nauyin yaro ya karanta ilmin haɗa magunguna, ko yin waƙafi domin ɗakin gwaji, sadaka ce mai gudana. Ku ma'aikata, musamman na lafiya, ku sani katin ƙarya shaidar zur ce, kayan tallafi kuwa amana ce da za a tambaye ku a kanta. Kowane magidanci kuma ya nemi katin rigakafin 'ya'yansa yau ya duba, domin makiyayi ne shi, kuma abin tambaya ne game da abin kiwonsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauke, Ya karɓe su a matsayin shahidai, Ya tsare mu da zuriyarmu daga miyagun cututtuka, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya ba mu ikon bin gaskiya duk inda ta fito, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.